An Hana Ni Bizar Kasuwanci, Yayana Kuma Ya Kawo Mini Ejan

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar sabulun ruwa da man shafawa, shekara biyar ke nan, ma'aikatana shida. Na daɗe ina neman injin cika kwalba da rufe ta, har Allah Ya haɗa ni da wani kamfani a Jamus da ke gyara tsofaffin injuna yana sayarwa. Mun daidaita, na tura kafin alƙalami ta banki, suka ce in zo a gwada injin a gabana kafin a ɗora shi a jirgin ruwa. Wata biyu da suka wuce na nemi biza da kaina, aka hana ni. A takardar da suka ba ni sun yi maki a wuri biyu: ban gamsar da su kan dalilin tafiyar ba, kuma suna shakkar ko zan dawo. Abin da na haɗa musu shi ne imel mai layi uku da kamfanin ya turo mini, da bayanan asusuna na kaina, domin asusun masana'antar ba ya motsi sosai, yawancin cinikinmu hannu da hannu ne.

Da Yayana ya ji, sai ya kawo mini wani ejan da ya ce bai taɓa neman biza ta faɗi ba, har ya biya shi rabin kuɗinsa ba da sanina ba. Tsarin ejan ɗin shi ne in sake fasfo in ce wancan ya ɓata, Yaya ya zuba kuɗi masu yawa a asusuna na mako biyu sannan ya janye, a rubuta cewa ma'aikatana arba'in ne, a kuma nemi bizar a ofishin jakadancin wata ƙasar Turai da layinta ba shi da tsawo, da takardar gayyata daga wani kamfani da ban sani ba. In na sauka can sai in wuce Jamus. Maiɗakina ta ƙi amincewa, ta ce ko barci ba za ta iya ba. Yaya kuwa shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya ba ni jarin farko, ban taɓa ce masa a'a ba. Kamfanin ya ce wata huɗu kacal zai ajiye mini injin. Kaina ya kulle, ina neman shawara.

Ɗan'uwanku mai ƙaramar masana'anta

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Bari in fara da abin da zai ɗan sanyaya maka rai: halin da kake ciki yau ya fi sauƙi a kan yadda kake ji a zuciyarka. An hana ka biza sau ɗaya, kan dalilai biyu da ake gyarawa da takardu na gaskiya. Ba a kama ka da ƙarya ba, ba a same ka da takardar jabu ba. Dokar biza ta Tarayyar Turai ta 2009, wadda Jamus ke aiki da ita tare da sauran ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, ta faɗa ƙarara cewa hanin da aka yi wa mutum a baya ba ya sa a hana shi sabuwar buƙata kai tsaye, kowace buƙata ana auna ta ne da abin da ta zo da shi. Babu kuma wani wa'adi da aka ɗora maka na jira kafin ka sake nema. Sunanka a tsabtace yake a wurinsu, kuma wannan tsabtar ce ejan ɗin yake so ka salwantar.

Kafin mu zo kansa, ka ɗan zauna a kujerar jami'in da ya buɗe fayil ɗinka. Bai san ka ba, bai taɓa taka masana'antarka ba, ga tarin wasu takardun suna jiransa. Tambaya uku yake nema wa amsa: me zai kai mutumin nan, wa zai biya kuɗin tafiyar, me kuma zai mayar da shi gida. In dai abin da ka lissafa ne kawai ka miƙa, to ya ga imel mai layi uku da kowa zai iya bugawa a wayarsa. Ya nemi masana'antar da ka ce kana da ita, bai ga rajistarta ba, bai ga asusunta ba, bai ga ko rasit ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hujja mafi ƙarfi da kake da ita, wato shaidar cewa ka riga ka tura wa kamfanin kuɗi ta banki, ta kwana a gida. Mai niyyar ɓacewa a Turai ba ya biyan kafin alƙalamin injin da za a kai ƙasarsu. Jami'in bai ce kai maƙaryaci ne ba, cewa ya yi ba ka nuna masa ba.

Yanzu mu warware tsarin ejan ɗin zare-zare, domin kana bukatar ka iya yi wa Yaya bayaninsa da bakinka. Ranar da ka miƙa takardunka an ɗauki hoton yatsunka goma da na fuskarka, aka shigar da su rumbun bayanan biza da duk ƙasashen Shengen 29 suke leƙawa, tare da sakamakon buƙatarka da dalilin hanin. Shekara biyar suke zama a ciki. Sabon fasfo lamba yake sauyawa, yatsun nan dai naka ne. Fom ɗin ma da kansa yana tambaya ko an taɓa ɗaukar yatsunka don bizar Shengen. In ka ce a'a, ka yi ƙarya ka kuma sa hannu a ƙasanta. In ka ce e, me sabon fasfon ya ƙara maka? Ga shi kuma cewa fasfo ya ɓata alhali yana cikin durowarka laifi ne mai zaman kansa a wurin hukumar da ta ba ka shi.

Kuɗin Yaya na mako biyu kuwa tsohuwar dabara ce da kowane jami'in biza ya haddace. Ba adadin da ke layin ƙarshe suke kallo ba, tafiyar asusun suke bi wata bayan wata, shi ya sa suke neman bayanan wata uku zuwa shida maimakon takarda ɗaya mai nuna abin da ya rage. Asusun da ya saba da shiga da fita daidai ƙarfin mai ma'aikata shida, in aka wayi gari wani dunƙulen kuɗi ya faɗo cikinsa gab da neman biza, zai fito fili kamar raƙumi a garken tumaki. Suna da ikon kiranka su tambaye ka tushensa, suna iya neman sabon bayanin asusu bayan an janye shi. Haka batun ma'aikata arba'in: mai mutum arba'in yana da takardar albashin mutum arba'in, da harajin da ya dace da su, da asusun da albashin ke fita daga ciki duk ƙarshen wata. Lamba ɗaya da aka kumbura tana tilasta a ƙirƙiro takardu biyar su tallafe ta.

Mafi haɗari shi ne na ƙarshen. Ba mai nema ke zaɓen ofishin jakadancin da ya ga dama ba. Ƙa'idar ita ce ka nema a ƙasar da za ka je. In ƙasashe da yawa ne, a wadda ita ce ainihin maƙasudin tafiyar ko wadda za ka fi daɗewa a cikinta. Sai in an rasa yadda za a bambance ne ake komawa ga ƙasar da za ka fara sauka. Kai Jamus za ka, ita kaɗai. Jami'in waccan ƙasar zai buɗe rumbun ya ga wata biyu da suka wuce kana neman zuwa duba inji a Jamus, yau kuma wani kamfani da ba ku taɓa musayar ko gaisuwa ba yana gayyatarka. Irin waɗannan takardun gayyata da ake saye sau da yawa an riga an sayar wa mutane da dama irinsu, kuma kira ɗaya zuwa lambar da ke kansu yana tona komai. Ko da an dace bizar ta fito, ba ka tsira ba. Biza izini ne na zuwa bakin iyaka, jami'in shige da fice a filin jirgi yana da ikon tambayarka wa ya gayyace ka, a ina za ka kwana, kuma in ya ga labarin bai haɗu ba yana iya soke ta nan take a mayar da kai. Daga nan makin da za a yi maka ba na "bai gamsar ba" ne, na takardun da ake shakkar sahihancinsu ne, kuma wannan ya fi wuyar wankewa nesa ba kusa ba. Yana kuma bin mutum zuwa wasu wuraren: fom ɗin Birtaniya, alal misali, yana tambaya ko wata ƙasa ta taɓa hana ka biza, kuma wanda suka kama da yaudara suna iya rufe masa ƙofa har shekara goma. Ɗan kasuwar da zai bukaci kayan gyaran wannan injin shekaru masu zuwa bai kamata ya yi caca da wannan ba.

Ka ga ke nan shawarata a kan tsarin ba ta da kwana-kwana: kada ka yi. Amma na san ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya hana ka barci Yaya ne.

Yayanka bai yi nufin cutar da kai ba. Mutum ne da ya saba in ƙaninsa ya shiga matsala ya sa hannu a aljihu ya fitar da shi, ya ga an mayar da kai, abin ya sosa masa rai, ya nemo wanda aka ce masa ya iya. Mai yiwuwa bai ma san cewa abin da aka tsara ƙarya ce mai hukunci ba, domin masu wannan sana'a suna kiranta "shirya takardu" ne. Don haka kada ka je masa da fuskar mai ƙin alheri. Ka same shi ku biyu, ba a waya ba, ba kuma a gaban ejan ba. Ka fara da godiya ta gaskiya, sannan ka nuna masa takardar hanin ka karanta masa makin biyu. Ka ce masa wani abu kamar haka: "Yaya, na bincika, yatsuna suna wurinsu, sabon fasfo ba zai ɓoye komai ba. In aka kama mu, jarin da ka sa mini ne zai tafi, kuma sunanka zai fito a takardar bankin a matsayin wanda ya turo kuɗin. Ina so ka taimake ni ta hanyar da ba za ta taɓa mu ba." Wannan maganar ta ƙarshe ka riƙe ta da kyau. Babba irin Yaya ya fi karɓar a sauya masa hanyar taimako a kan a ce masa ya janye hannunsa. Ka ba shi aiki: ya raka ka banki, ya duba wasiƙar bayaninka, ko ya riƙe maka masana'antar kwanakin da za ka yi a can. In kuma yana so ya sa kuɗi a cinikin injin da gaske, bashi ko hannun jari, to a rubuta yarjejeniya ku sa hannu, kuɗin ya shiga asusun masana'antar ya zauna, a haɗa takardar a fayil. Kuɗin ɗan'uwa ba laifi ba ne a wurin jami'in biza matuƙar an faɗi na waye, an kuma faɗi dalilin bayar da shi.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada sunan maiɗakinka ya fito a wannan zaman. Tana da gaskiya, kuma ka gaya mata hakan yau, domin ta ga abin da kunyar Yaya ta rufe maka ido a kansa. Amma in ka ce "ita ce ta ƙi", ka sauke nauyin daga kanka ka ɗora mata, kuma ka shuka abin da zai daɗe tsakaninta da danginka bayan an manta da inji da biza. Shawarar taka ce, ka faɗe ta da sunanka.

Shi kuwa ejan, maganarsa ta cewa bai taɓa faɗuwa ba ta isa ta sa ka ja baya, domin ba shi ke yanke hukunci ba. Ko cibiyoyin da ofisoshin jakadanci ke ba aikin karɓar takardu, irin su VFS Global da TLScontact, karɓa kawai suke yi su miƙa, ba su da ta cewa a sakamako. In ka riga ka ba shi fasfonka ko kwafin takardunka, ka fara karɓo su cikin lalama kafin ka sanar da shi ka fasa, ka kuma tabbatar bai yi maka rajista ko ya shigar da wani abu da sunanka a ko'ina ba. Rabin kuɗin da aka biya, ku nema a mayar. In ya ƙi, ka ce wa Yaya kai za ka biya shi a hankali, ko da zai ce ka bari. Ba duk masu taimaka wa mutane cika fom ne macuta ba, akwai masu aikin tsakani da Allah, amma duk wanda ya cika, hannunka ne a ƙasa kuma kai za a tambaya.

To, mu gina fayil na gaskiya. Ginshiƙinsa takardar gayyata ce, kuma a nan nake so ka fi kashe lokaci. Ka rubuta wa kamfanin ka gaya musu an hana ka saboda gayyatar ba ta da cikakken bayani. Kamfanonin da ke sayar wa ƙasashen waje kaya sun saba da wannan, kuma su ma cinikinsu suke so ya faɗa. Ka roƙe su wasiƙa a kan takardarsu mai tambari da adireshi da lambar waya, mai ɗauke da cikakken sunanka kamar yadda yake a fasfo harafi da harafi, ranar haihuwarka, lambar fasfon, da sunan masana'antarka. Ta faɗi abin da zai kawo ka dalla-dalla: samfurin injin da lambarsa, cewa an sayar maka, an karɓi kaza daga cikin kuɗin ran kaza, za a gwada shi a gabanka daga ran kaza zuwa ran kaza. In za su koya maka sarrafa shi na yini ɗaya ko biyu, su rubuta haka yadda yake. Ta faɗi wanda zai biya jirgi da masauki, ko da kai ne. A ƙasa a sa sunan mai sa hannun da muƙaminsa da lambarsa ta kai tsaye, kuma ya san cewa ana iya kiransa. Ka kula kada kalmar "aiki" ta shiga wasiƙar da ma'anar za ka yi musu aiki, domin bizar kasuwanci ta ganawa ce, da duba kaya, da ƙulla ciniki, da halartar baje koli, ba ta ɗaukar aiki ba.

Ka nemi su haɗo da kwafin rajistar kamfaninsu. Kamfanonin Jamus masu rajistar kasuwanci suna da lamba da ke farawa da HRA ko HRB, kuma tun Agusta 2022 ana duba wannan rajistar a intanet kyauta. Ka duba da kanka ka ga sunan da adireshin sun yi daidai da na takardar da ka tura kuɗi a kanta. Wannan ya wuce batun biza: mutumin da ya riga ya biya kafin alƙalami ga waɗanda bai taɓa gani ba ya kamata ya yi wannan binciken ko ba zai je ko'ina ba. A bayan gayyatar ka jera takardar farashi da suka ba ka, yarjejeniyar cinikin, shaidar tura kuɗin mai hatimin banki, da wasu daga cikin saƙonnin da kuka yi musaya tun farkon magana, waɗanda ke nuna cinikin ya daɗe ana yinsa.

Sai ɓangarenka. Takardar rajistar masana'anta, shaidar biyan haraji, takardar haya ko ta mallakar wurin, jerin ma'aikatan nan shida da albashinsu, rasit-rasit na sayen kayan haɗi da na manyan masu sarin kayanka. Raunin da ke nan shi ne asusun masana'antar, kuma maganinsa ba ya wuce ka fara daga gobe kana kai cinikin kowace rana ko kowane mako banki da sunan masana'antar, kana biyan albashi da masu kawo maka kaya daga can. Cikin wata biyu za ka sami motsi na gaskiya da ya yi daidai da littafin cinikinka. Ka miƙa asusun biyu, naka da na masana'antar, kowanne da hatimin banki, ka yi bayani a fili cewa yawancin cinikin na hannu ne kuma kwanan nan ka fara bi da shi ta banki. Ba a neman ka zama attajiri. Ana neman a ga kana da abin da zai ishe ka tikiti da masauki da kashewar mako guda ba tare da asusun ya ƙafe ba. Ka ƙara da shaidar aure da ta haihuwar 'ya'ya in akwai, da takardar gida ko fili in kana da shi, domin su ne ke amsa makin nan na biyu.

Duk wannan tarin yana bukatar wasiƙa guda daga gare ka da za ta ɗaure shi, shafi ɗaya, kada ta wuce. Wane ne kai, me kake yi, me zai kai ka, yaushe za ka tafi ka dawo, wa zai biya. Ka ambaci hanin baya da kanka a layi biyu: an hana ni ran kaza kan dalilai kaza, ga takardun da ban haɗa ba a lokacin. Ba roƙo, ba ƙorafi. Kwanakin da za ka nema su yi daidai da aikin: in gwajin na kwana uku ne, shida ko bakwai sun isa. Gaskiya ne bizar gajeren zama tana kaiwa kwana 90 cikin kowane 180, amma mai neman wata guda don duba inji ɗaya ya buɗe wa kansa tambayar da ba shi da amsarta.

Sauran ƙananan abubuwan suna da sauƙi amma suna kayar da mutane. Fasfon ya kasance an bayar da shi cikin shekara goma da suka wuce, da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro Turai, da shafi biyu da ba a taɓa ba. Inshorar lafiya ta tafiya kada ta gaza ta yuro 30,000, ta shafi duk yankin Shengen da duk kwanakin zamanka. Tikitin jirgi a kama maka wuri ne kawai, kada ka biya wanda ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Otal ɗin ya kasance na gaske, a garin da kamfanin yake, ba a wani birni mai nisan awa biyar ba, kuma kada a soke shi washegarin miƙa takardu. Kwanakin da ke kan fom, da gayyata, da tikiti, da otal, da inshora, su zama iri ɗaya; saɓanin kwana biyu tsakanin gayyata da tikiti ya isa ya jawo shakka. Kuɗin bizar yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma ba a mayar da shi in an hana. Ka sauko da jerin abubuwan da ake bukata daga shafin ofishin jakadancin Jamus na ƙasar da kake zaune, ka bi shi layi-layi, har da abin da suka ce a fassara da kwafi nawa suke so.

Lokaci kuwa yana hannunka in ka motsa yau. Ana iya miƙa buƙata tun wata shida kafin tafiya, kada kuma a bari ya gaza kwana 15. Hukunci yakan fito cikin kwana 15, amma dokar ta ba su damar kaiwa 45 in suna son ƙarin bincike, kuma wanda aka taɓa hanawa ya yi lissafinsa da 45 ɗin. Abin da ya fi cin lokaci shi ne samun ranar ganawa, don haka ka kama layi yanzu ta shafin hukuma, ka nemi ranar da za ta faɗo bayan mako bakwai zuwa takwas, ka yi ta haɗa takardu kafin ta zo. A cikin wasiƙar da za ka nemi gayyata ka roƙi kamfanin ya ƙara maka wata ɗaya ko biyu a rubuce, ka kuma sake karanta yarjejeniyarku ka ga me ta ce kan kafin alƙalami in wa'adi ya cika. Batun ɗaukaka ƙara kan hanin farko ka ajiye shi: tun 1 ga Yuli 2025 Jamus ta daina karɓar koken sake duba hukunci a ofisoshin jakadancinta, abin da ya rage shi ne kotu a Berlin, wadda ba ta dace da mai wata huɗu ba, balle ma fayil ɗin farko ba shi da abin da za a kare.

Ranar ganawa ka je da asalin takardu da kwafinsu, ka san abin da ke cikin kowace. In an yi maka tambaya ka amsa a taƙaice: kwalba nawa injin ke cikawa a awa, nawa ka biya, nawa ya rage, wa zai kula da masana'anta. Waɗannan ka fi kowa saninsu, kuma a nan ne mai ciniki na gaske yake bambanta da wanda aka yi wa hadda.

Duk da haka ban ce maka tabbas za a ba ka ba, don haka ka tanadi hanya ta biyu tun yanzu. Abin da kake bukata a zahiri shi ne tabbacin injin yana aiki kafin ka cika kuɗi, kuma ana samun wannan ko ba ka taka Jamus ba. Akwai kamfanonin duba kaya kafin lodi, irin su SGS da Bureau Veritas da Intertek, da za su tura injiniya ya tsaya a gwajin ya rubuto maka rahoto da hotuna. Kana iya aika wa masu injin samfurin kwalabenka da murafunsu, a gwada da su kana kallo kai tsaye ta bidiyo, ka sa a bar shi yana aiki awa guda ba tsayawa, a nuna maka farantin lambarsa. Ka kuma tambayi bankinka yadda za a tsara biyan ragowar ta takardar lamuni, yadda kuɗin ba zai fita ba sai an gabatar da rahoton dubawa da takardar lodin jirgi. Sanin cewa cinikin ba zai mutu don biza ba zai cire maka gaggawar da ejan ɗin yake cin abinci da ita.

In Allah Ya sa bizar ta fito, ka karanta takardarta da aka manna a fasfonka tun kafin ka bar wurin karɓa: sunanka, lambar fasfo, sau nawa aka yarda ka shiga. Akwai kwanan wata na farawa da na ƙarewa da ke nuna tsakanin lokacin da bizar ke aiki, akwai kuma wata lamba daban ta adadin kwanakin da aka yarda ka zauna. Sau da yawa tsakanin kwanan watan ya fi kwanakin zaman tsawo, domin akan ƙara kwana 15 na sassauci ko tafiya za ta goce, kuma mutane kan ruɗe su ɗauka duk nasu ne. Lambar kwanakin ita ce iyakarka. Ka riƙe kwafin gayyata da na otal da inshora da tikitin dawowa a jakar hannu don jami'in filin jirgi, ka dawo ranar da ka ce. Dokar ta tanadi cewa wanda ya sami biza uku cikin shekara biyu ya yi amfani da su yadda ya kamata, ana iya ba shi ta shekara guda mai shiga da fita, daga nan ta shekara biyu, sannan ta biyar.

A makon nan ka rubuta wa kamfanin, ka kama ranar ganawa, ka kai cinikin farko asusun masana'anta. Zaman da Yaya kuma kada ya wuce jibi, tun kafin ejan ya nemi cikon kuɗinsa. Allah Ya sa albarka a cinikin, Ya bar zumunci.